Ɗakin Da Ke Ƙarƙashin Shagon Sor Evaristo

A Lungun Masu Kaki, bayan cocin San Teodulo a tsohon birnin Rum, an yi wani mutum da ya shekara hamsin da 'yan kai yana sayar da kyandir, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa yi masa tambaya ya amsa kai tsaye ba. Sunansa Evaristo Tamburrini, amma kowa Sor Evaristo yake ce masa, wato Malam Evaristo. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon ƙunar kaki. In ka shiga wurinsa ka ce, "Sor Evaristo, shagon nan naka akwai sanyi mai daɗi," sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ƙare maka kallo daga hula har takalmi, sannan ya ce, "Sanyin ka zo saya ko kyandir?"

Shagon a jingine yake da bangon cocin ta baya. Cocin kuwa irin manyan nan ne, mai ƙubba da dogayen ginshiƙai waɗanda tun fil azal aka kwaso daga gine-ginen Rumawan da. Ko a lungun ma akwai rabin wani ginshiƙi da ya leƙo daga jikin bango, inda mata ke ɗora kwandon cefane su huta. Ba wanda ya damu da shi. Evaristo ne kaɗai in ya zo wucewa yake kawar da kai.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. A 1932, yana ɗan shekara bakwai, ubansa Agapito na da shagon kyandir da ɗakuna biyu a samansa, a wata unguwa da ke kan hanyar Kolosiyo, katafaren filin wasan Rumawan da. Wata safiya mutum uku suka zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Suka gaisa da kowa cikin ladabi, ɗayansu har da shafa kan Evaristo, suka auna bango, suka shafa alama a ƙofa. Gwamnatin lokacin ce ta ce a ƙarƙashin unguwar akwai gine-ginen sarakunan da, kuma tana son duniya ta gani. Bayan mako shida aka loda gadajensu da tukwanen narka kaki a babbar mota, aka sauke su a bayan gari, cikin wasu ɗakunan bulo marasa famfo. Sanyin shekara ta biyu bai wuce ba sai da ciwon ƙirji ya ɗauke uwarsa.

Agapito ya koma tura kurar kyandir, tafiyar awa biyu zuwa cikin gari. In sun zo wucewa ta sabon titin da aka shimfiɗa a kan unguwarsu, sai ya tsaya ya nuna wa ɗansa wani ginshiƙi da aka tayar aka kewaye da ƙarfe.

"Ka ga wancan? Daidai nan uwarka take dafa abinci. Kuma kada ka manta, wanda ya shafa kanka shi ya shafa fentin."

Shekara bakwai suna wannan wahala kafin tsohon fada, limamin cocin San Teodulo, wanda ke sayen kyandir a wurinsu, ya tausaya musu ya sama musu shagon nan na lungu. Suka ga yaƙi a nan, suka ga yunwa, suka fita da ransu.

A watan Agustan 1947 aka yi wani zafi da ya sa kyandir ke lanƙwashewa a kan kanta. Agapito ya ce su ƙara wa ɗakin ƙasa zurfi don kaya su sami sanyi. Lokacin Evaristo ya zama saurayi, shi ke riƙe da diga. Ranar hutu ce, mutanen lungu sun tafi bakin teku, ba motsin kowa sai kuliyoyi. Wajen tsakar rana ya kai wa bangon da ke fuskantar coci sara, sai digar ta zurma har ƙota, wata iska mai sanyi da warin daɗaɗɗiyar ƙasa ta buso masa a fuska.

Suka faɗaɗa ramin, suka kunna kyandir biyu suka shiga a duƙe. Ɗaki ne babba. Bangonsa ja wur kamar jiya aka shafe shi. Daɓensa na ƙananan duwatsu ne masu launi, an jera su sun ba da hoton wata mace riƙe da kwandon inabi, kifaye na zagaye da ita. A gefe ga wani benci na farin dutse.

Evaristo ya saki baki. Da ya juyo zai yi magana, sai ya ga ubansa zaune a ƙasa dirshan, ya dafe kai da hannu biyu.

"Sun biyo mu," in ji Agapito. "Har nan suka biyo mu."

Doka ta ce duk abin da aka tono irin wannan na hukuma ne, kuma dole a kai rahoto. Su kuwa sun riga sun san abin da ke biyo bayan rahoto. Kwana uku suka yi suna toshe ramin da tsofaffin bulo, suka shafe shi da toka da baƙin hayaƙi don ya tsufa, suka jingina kanta a gabansa. Ƙasar da suka haƙo suka riƙa fitar da ita kaɗan-kaɗan cikin akwatunan kyandir, suna zubarwa a bakin kogi. Da suka gama, Agapito ya kama hannun ɗansa ya ɗora a kan bangon.

"Rantse. Ba aboki, ba fada, ba matar da za ka aura."

Ya rantse. Bayan shekara huɗu Agapito ya rasu, ya bar masa shago da tukwane da wannan nauyi.

Tun daga nan makullin ɗakin ƙasa ya koma wuyansa, a jikin igiya ɗaya da gicciyensa. In famfo ya lalace shi yake gyarawa da kansa, ya gwammace ya jiƙe sharkaf da ya bar wani ya sauka. In mai sayen kyandir ɗaya ya daɗe yana kalle-kalle, a wurinsa ɗan leƙen asiri ne. Mai saya da yawa bai yi ciniki ba, shi ma akwai abin da yake nema. Baƙon da ya ɓata hanya ya shigo tambayar inda tsohon haikalin Pantiyon yake, sai Evaristo ya nuna masa hanya mafi nisa, ya kuma tsaya a ƙofa har sai ya ga ƙulewarsa.

Ya auri Palmira, 'yar wani mai gyaran takalmi daga ƙetaren kogi, mace mai dariya da kaifin baki. Shekara shida tana fama da shi a kan ƙofar nan. Da farko ta ɗauka bindigogin yaƙi ne ya ɓoye, daga baya ta ce wasiƙun wata ce. Ranar da ta haɗa kayanta ta goya 'yarsu Mirella ta ce gidan ubanta za ta, sai ya rufe shago, ya ja ta ƙasa, ya faɗa mata a kunne. Ya karya rantsuwa, kuma tun kafin su hauro sama ya fara da-na-sani, don Palmira duk ranar Asabar sai ta je ta durƙusa ta furta zunubanta gaban fada.

Sai ya zama duk Asabar yana da kyandir da zai kai coci. Ya laɓe bayan ginshiƙi yana duba agogo.

"Palmira, yau kin daɗe gaban Fada."

"Zunubaina ne suka yi yawa."

"Minti goma sha ɗaya. Makon jiya shida ne."

"Au, agogo kake riƙe mini? To biyar ɗin da suka ƙaru duk naka ne. Na faɗa masa sau nawa na yi niyyar rafka maka tukunya a ka."

"Maganar ƙasa fa?"

"Haba Evari! Ramin nan ba zunubina ba ne. Naka ne kai da babanka, Allah ya ji ƙansa."

Bai yarda ba. Fadan da ke cocin a lokacin, Don Ilario, matashi ne mai fara'a da aka kawo bayan rasuwar tsohon, kuma shi ne babban mai sayen kayan Evaristo. Wata rana yana karɓar kyandir ɗin bagade ya ce, "Evaristo, a duk Rum naka ne kaɗai ba ya lanƙwasa da zafi. Lallai ɗakin ƙasanka na da zurfi." Evaristo ya yi mako guda yana juya wannan magana. Me ya kawo zurfi? Me ya hana ya ce faɗi?

A bakin lungun kuma akwai Tullio mai shagon kofi, sa'ansa ne, mutum ne da ba ya ganin wuri ya bar shi shiru. Wata safiya shago cike da mutane ya miƙo masa kofi yana cewa, "Sor Evaristo, don Allah fitar da mu daga duhu. Gawar wane sarki ka ajiye a ƙasa? Ko wata amaryar ce Sora Palmira ba ta sani ba?" Aka bushe da dariya. Evaristo ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Shekara biyu yana tsallaka tituna uku ya sha kofi a wurin da ba a san shi ba.

Haka aka yi ta tafiya har Mirella ta girma, ta gama makaranta, ta sami aikin koyarwa. Wata Lahadi a 1979 ta kawo saurayinta gida cin abincin rana. Sunansa Fulvio, dogo ne siriri mai tabarau, mai kunya. Palmira ta yi taliya da cuku da barkono, ta soya nama. Evaristo ya bari sai da yaron ya kai loma baki.

"Ɗan wa ne kai?"

"Babana direban motar haya ne, Sor Evaristo."

"A ina ka ga 'yata?"

"A bikin wata ƙawarta."

"Wa ya gayyace ka?"

"Baba, don Allah," in ji Mirella.

"Tambaya ce. Wane aiki kake yi?"

"Zane nake yi, na taswira. A ofishin kula da kayan tarihi. In an tono wani abu, ni nake aunawa in zana."

Cokalin Evaristo ya faɗi a faranti. Fulvio bai lura ba, ya ɗauka surukinsa sha'awar aikin yake yi, sai ya saki jiki. "Ai unguwar nan taku abin mamaki ce. Ginshiƙin nan na lungu, a wurinsa na asali yake tsaye. Na tabbata in aka kwashe ƙasa mita huɗu, gidajen manyan mutanen da ne a jere har ƙarƙashin cocin."

Evaristo ya miƙe, ya ce kansa ke ciwo.

Da baƙon ya tafi ya ce wa matarsa, "Turo shi aka yi."

"Wa ya turo shi?"

"Su. 'Yan mata nawa ne a Rum? Ya tsallake su duka sai 'yar mai kyandir ta Lungun Masu Kaki?"

"Wato 'yarka ba ta kai a so ta don kanta ba ke nan?"

Bai sauka daga kan bakansa ba. Ranar Laraba ya rufe shago da safe, abin da bai taɓa yi ba, ya ja hula ya rufe goshi, ya je ya jira Fulvio a ƙofar ofishinsu. Ya bi shi a baya wuni guda. Ya ga ya shiga wani kango kusa da Kolosiyo yana ta awo cikin rana. Da azahar ya ga ya zauna a kan wani faɗaɗɗen ginshiƙi ya ci burodi da cuku, ya raba ragowar da kyanwa. Da yamma ya ga ya shiga wani coci ya kunna kyandir, ya fito ya sayi furanni, ya tsaya a ƙofar makarantar Mirella. Evaristo ya dawo gida ƙafafunsa a kumbure.

"To, me ka gano?" in ji Palmira, tana zuba masa ruwan ɗumi a kwano.

"Ba komai. Shi ya sa na ƙara tsorata da shi. Mutum ya wuni bai yi ko abu ɗaya na rashin gaskiya ba? Ya san ina bin sa."

Mirella dai ta ce ko shi ko ta zauna haka, Palmira ta mara mata baya. Aka ɗaura aure a San Teodulo, Don Ilario ya sa albarka. Evaristo ya yi kyandir ɗin da bai taɓa yin irinsu ba, na zallar kakin zuma, dogaye kamar mutum, har ƙamshinsu ya cika cocin. Amma kafin ya rako 'yarsa gaban bagade sai da ya ƙara kwaɗo biyu a ƙofar shago, ana cikin cin abincin biki kuma sau biyu yana sulalewa ya je ya duba.

Shekara uku Fulvio na zuwa gidan duk Lahadi, bai taɓa ko kallon ƙofar ɗakin ƙasa ba. Evaristo ya ce wannan ma alama ce, don mai gaskiya ai da ya tambaya.

Sai daɓen cocin ya fara lotsawa ta gefen bagade. Laima ta ci ƙarƙashinsa, aka kawo ma'aikata su tono su ga abin da ke faruwa. Wata safiya Evaristo ya sauka ɗauko kaki, sai ya ji ƙarar guduma daga bayan kantar nan, can ciki, daga inda shekara talatin da shida ba a ji motsi ba. Ya zauna a kan matakala. Kwana tara yana sauka yana kasa kunne, kullum ƙarar na ƙara matsowa. Ya daina cin abinci. A rana ta goma gudumar ta yi shiru, sai ya ji muryoyin mutane a cikin ɗakin, wani yana cewa a kawo fitila, wani yana salati irin na mai mamaki.

Washegari mutum huɗu suka tsaya a ƙofar shagonsa da takarda. Sun gaishe shi cikin ladabi. Na ƙarshensu Fulvio ne, da igiyar awo a hannu, idonsa a ƙasa.

Duk lungun sai da ya ji muryar Evaristo a ranar.

"Na faɗa! Tun ranar farko na faɗa! Ka ci abincina, ka ɗauke mini 'ya, ashe ramin kake aure! Maci amana! Ka zo da fentin, ko yana mota?"

"Sor Evaristo, ku saurare ni..."

"Kada ka ƙara kiran sunana."

Ya tsinke igiyar wuyansa ya jefa musu makullin a ƙasa. Da Mirella ta zo da yamma, da tsohon ciki, tana kuka tana cewa ba haka ba ne, ya ce mata ta zaɓa tsakaninsa da mijinta. Ta ce ta riga ta zaɓa a gaban bagade, kuma shi ya rako ta. Ya rufe ƙofa.

Ya zauna jiran babbar mota. Har ya ɗaure tukwanensa da igiya. Amma motar ba ta zo ba. An rufe ɗakin ƙasa an manna takarda, an bar masa shagon sama. Ba a kai shi kotu ba, ba wanda ya tambaye shi wa ya gina bangon. Da wani ne da ya yi godiya. Evaristo ya ce lallaɓa shi ake yi, ana jira ya saki jiki. Mirella ta haifi 'ya mace, ya ƙi zuwa baftisma. Palmira ta saci kyandir ɗaya daga kanta ta tafi abinta, ta dawo ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Haka aka shekara huɗu.

A shekara ta biyar Don Ilario, wanda ciwo ya fara cin ƙarfinsa, zai bar cocin ya koma garinsu. Ya aika a kira masa Evaristo. Ya same shi a ɗakin ajiye rigunan ibada, zaune cikin akwatuna.

"Zauna, Evaristo. Zan tafi, kuma ba na son in tafi da maganarka a ciki. Ɗakin nan naka, na san da shi tun ranar da na zo cocin nan."

"Palmira ce," in ji Evaristo nan take.

"Palmira ba ta taɓa ce mini uffan a kai ba, da ta faɗa ma ba za ka ji a bakina ba. Tsohon fada ne ya bar mini takarda. Ya rubuta cewa su Tamburrini sun sami wani abu a ƙasa, an taɓa raba su da gida sau ɗaya, a ƙyale su. Kai kana tsammanin ba a gan ku ba? Akwatin kyandir ne ke sa ƙato nishi? Kun bi lungu kuna zubar da ɓarɓashin jan bango har bakin kogi. Uban Tullio ya tsinci wani gutsure, har yau yana kan kanta a bayan kwalabe. Kowa ya sani, ɗana. Mai gyaran keke, matar mai nama, kowa."



"Shi kuma Fulvio, tun kafin aure ya gano daga tsofaffin taswirori, ya yi shiru. Ni na kira ma'aikata, don coci na neman ruftawa da mutane. Da ya ji an fasa bango an shiga ɗakin, shi ya roƙa a sa shi cikin masu zuwa. Shi ya rubuta cewa ba a san lokacin da aka gina bangon nan ba. Shi ya zana ƙofar shiga ta ɓangaren coci don kada a taɓa shagonka. Da manyansa sun gane, da ya rasa aikinsa. Ya hana ni faɗa maka, wai gara ka tsane shi da ka san an yi maka alfarma."

Evaristo ya sunkuyar da kai. Don Ilario ya ɗauka kuka zai yi. Can sai ya ɗago.

"Shekara arba'in kuna kallona kuna dariya ke nan."

"Rufa maka asiri muka yi."

"Lungu guda ya yi shiru shekara arba'in a banza? Me kuke so a wurina?"

Fadan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tashi ka je ka ga jikarka, Evaristo. Allah ya shirye ka."

Sai da ya kwashe mako biyu yana auna maganar. Ya je shagon Tullio ya ce a nuna masa gutsuren. Tullio ya sauko da shi ya hure ƙura. Ja ne, shi ne. Ranar Lahadi Evaristo ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya ce wa Palmira ta shirya, suka hau bas zuwa gidan su Mirella a ƙetaren kogi. Fulvio ne ya buɗe ƙofa. 

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Evaristo.

"Da na faɗa, za ku yarda?"

"A'a."

"To ku shigo, Baba, taliya za ta huce."

Ya shiga. Mirella ta koma madafi tana share ido da gefen riga. Wata yarinya 'yar shekara huɗu ta leƙo daga bayan kujera, aka ce mata ga kakanta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɓoye 'yar tsanarta a bayanta, ta ce, "Me ka zo ɗauka?" Palmira ta yi dariya har sai da ta zauna. Evaristo bai nemi gafara ba, ba a kuma nemi ya nema ba. Ya ci faranti biyu, da za su tafi ya ce wa Fulvio makullin ƙofarsu ba shi da ƙwari, zai kawo musu wani.

Bayan 'yan shekaru aka buɗe ɗakin ga masu ziyara, Talata da Asabar, ana sauka ta wata matakala a gefen bagade. Ranar farko Fulvio ya riƙe hannunsa suka sauka tare. An sa fitilun lantarki, an wanke daɓen. Evaristo ya tsaya a kan matar mai kwandon inabi ya daɗe.

"A da ta fi haka girma," ya ce. "Kun tabbata ba a canja ta ba?"

Tun daga ranar, duk Talata da Asabar sai ya bar wa Palmira shago, ya ɗauki kujera ya zauna a gindin matakalar. Ba wanda ya ba shi aikin. Yana ƙirga masu shiga, yana ƙirga masu fita. Wanda ya sunkuya ɗaure takalmi kusa da daɓen, sai Evaristo ya sa shi ya buɗe tafin hannu kafin ya wuce. Sau ɗaya ya kama wani Bature dattijo, mai kama da malamin jami'a, da ɗan dutse shuɗi a aljihun riga. Wannan kamu ya ishe shi labari har ƙarshen rayuwarsa, kullum ya je shan kofi sai ya maimaita wa Tullio.

Palmira ta riga shi tafiya da shekara biyu. Shi kuma a farkon 2003 ya kwanta a gidan Mirella. Wata rana da hantsi ya sa aka kira masa Fulvio, ya ce a rufe ƙofa, ya yafito shi kusa.

"Akwai wani abu da ni da babana muka gani a ƙasa wanda ku ba ku gano ba."

Fulvio ya matso. "Mene ne, Baba? A ina?"

Evaristo ya zuba masa ido. Ya ga yadda ya ƙagu, ya ga hannunsa ya nufi aljihun da yake ajiye fensir.

"A'a," ya ce. "Bar shi kawai."

Bai sake tayar da maganar ba, kuma bayan kwana shida ya rasu. Aka yi masa addu'a a San Teodulo, mutanen lungu suka cika benci uku na gaba, Tullio da sandarsa yana ta fyace hanci. Shagon yanzu wasu matasa ne ke sayar da kayan sanyi a ciki. Fulvio ya yi ritaya, amma har yau yakan sauka ɗakin nan ranar da ba baƙi, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana kasa kunne. Mirella ta ce masa ya daina wahalar da kansa, babanta gwada shi kawai ya yi. Fulvio ya ce mai yiwuwa, amma ita ta yaya ta tabbata haka, ko akwai abin da tsohon ya gaya mata ne?